Lambobin Tumakin Gwaggo

Aikin nan saboda ni mace ce na same shi. Masu shirin rigakafin dabbobi sun iso Tambuwal da motarsu da akwatunan sanyi, sai suka tarar tumaki da awakin da suke nema duk suna cikin gida a hannun mata, bayan zauren da namiji baƙo ba ya wucewa. Dole aka nemi macen da ta ɗan taɓa karatun lafiyar dabbobi, wadda ba ta tsoron hawa babur, mai baki kuma. Baki kam ina da shi, har ya yi mini yawa. Mahaifiyata takan ce tun ina tatata nake katse wa manya magana.

Aikin ba wuya. Kowace dabba a yi mata allura, a ɗauki hotonta, a maƙala mata lamba a kunne. Lambar wata 'yar roba ce ruwan ɗorawa, faɗinta bai wuce yatsu uku ba. Sai kuma na'urar karanta lambobin, mai mariƙi, da ɗan gilashi a samanta irin na waya. Ranar da ogan namu ya fara nuna mana ita, baza lambobi ya yi a kan tebur, ya ja da baya, ya danna. Sai ji muka yi ƙit-ƙit-ƙit, lambobi suna zubowa a gilashin, kafin in gyara zaman mayafina ta gama. Na ce, "Oga, tsakaninka da Allah, ta yaya ta ji su duka?"

Abin da ya gaya mana har yau yana kaina. Ita lambar ba ta da batir, barci take yi. Na'urar ce take watso wani kira da kunnen mutum ba ya ji, kiran ne yake tashin lambar, da ƙarfinsa kuma take amsawa. Damuwar ita ce idan suna da yawa duk tare suke farkawa, su amsa lokaci ɗaya kamar mata a gidan biki, ba a jin ta kowa. Sai na'urar ta sa kowace ta zaɓi nata lokacin. Wadda ta faɗo ita kaɗai a ji ta, a ce ta yi shiru an gama da ita. Waɗanda suka yi karo da juna su sake zaɓe. In karon ya yi yawa na'urar ta ƙara musu fili, in shirun ya yi yawa ta rage, a haka har ta yi kira a rasa mai amsawa. Abin ya burge ni ƙwarai, har na haddace bayanin na riƙa yi wa mutane ko ba su tambaye ni ba.

Doka ɗaya ce aka ja mana kunne a kai. Dabba ta mai ita ce, in ya so ya sayar, in ya so ya yanka. Amma duk wadda ta bar garke, a dawo da lambarta a faɗi inda ta tafi da hannun wanda ta shiga, don in cuta ta ɓulla a san inda za a bi sawunta. Ma'aikaciyar da dabbobinta suka ɓace babu bayani, ita za a tsare da tambaya.

Mun yi Jabo, mun yi Dogon Daji, sannan muka gangara wajen Kebbe. A wani ƙauye can gaba da Kebbe yayar mahaifina take, Gwaggo. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata duk suna gidajen aurensu, ita kaɗai ce a gidan da tumakinta. Gidanmu gidan malamai ne, ita kuma a gaban kakanmu ta yi karatu, don haka matan unguwar a wurinta suke ɗaukar hadda da rana. Garkenta kuwa sananne ne. Raguna take ajiyewa fiye da kowa, abin da ya riƙa ba ni mamaki, don mace mai neman riba tumaki mata take tarawa.

Da na fito da abin huda kunnen, sai ta riƙe mini hannu.

"Mi za ki yi da wanga abu?"

"Huda kunne, Gwaggo. Nan ake maƙala lambar."

"Kunnen ragona? Dabbar da za a yi suna ko layya da ita, ki mayar mini da ita mai huji?"

Na ce mata malamai sun ce ɗan ƙaramin huji ba ya ɓata yanka, ni da kunnena na ji Baba ya faɗa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baban naki ni na goye shi." Magana ta ƙare ke nan. Na fita zaure na gaya wa oga, ya yi 'yan ƙunƙuninsa, daga baya ya yarda a ɗaura lambobin a wuya da igiya. Dabba goma sha takwas muka ɗaura wa ran nan, tana riƙewa ina ɗaurewa.

Da yake bakina ba ya zama wuri ɗaya, sai na zauna na yi mata karatun na'ura tun daga farko. Na gaya mata zana ba ta tare kiran, ko daga bayan danga ma tana ji. Na gaya mata in aka cusa lambobi wuri ɗaya, ko aka rufe su a cikin langa, to ba za su amsu ba. Sannan na ce, "Gwaggo, don Allah kada ko ɗaya ta ɓata. In ba su amsa ba ni za a tambaya, kin san kuma sabuwa ce ni a aikin." Ta saurare ni tsaf ba ta katse ni ba, ni kuwa na ɗauka iya bayanina ne ya kama ta.

Daga nan duk bayan 'yan watanni mukan zaga ƙirga. Oga ne ya gano cewa a gidan Gwaggo ba sai an wahala ba. Garken yana can ƙuryar gida, bayan ɗakinta, zana ɗaya ce tsakaninsa da 'yar hanyar da ta bi ta bayan gidan. Sai mu tsaya a hanyar, ya ɗaga na'ura, ƙit-ƙit-ƙit, goma sha takwas cif. A wasu gidajen kullum da labari: wannan ta mutu, waccan an kai kasuwa, wata an rasa inda lambarta ta faɗi. A gidan Gwaggo kuwa ko ɗaya. Oga ya fara ba da misali da ita a ofis, yana cewa a je a ga gwaggon wance. Kaina ya yi girma, ba sai an faɗa ba. Nakan leƙa cikin gida in durƙusa in gaishe ta, ta dama mini fura in sha a tsaitsaye, in ce babur na jirana. Ina jin kukan tumaki daga bayan ɗaki, wannan ya ishe ni.

Bayan an kawar da amfanin gona aka ce wata likitar dabbobi za ta zo daga Sakkwato ta ga aikinmu da idonta. Ni na roƙa a kai ta gidan Gwaggo. Har sabuwar atamfa na ɗinka saboda ranar. Labari ya riga mu isa, muka tarar matan unguwa sun cika tsakar gidan, manya da masu goyo, kowa na son ganin likita mace. Baƙuwar dattijuwa ce mai sanyin murya, ta tuɓe takalmi ta gaida Gwaggo har ƙasa.

Mun riga mun yi namu wasan a bayan gida, na'ura ta ba da goma sha takwas, likita ta ce masha Allah. Da muka zauna a tabarma sai ta ce, "To, mu je garke mu gaida masu gidan, mu gan su ido da ido."

Gwaggo ta ce, "Rana ta yi zahi. Ku sha ruwa tukuna."

Muka sha. Ta ce a kawo gyaɗa, aka kawo. Ta shiga tambayar likita mutanen Sakkwato ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba ta sani ba. Ni kuwa duk na ƙagu. Na miƙe na ce, "Gwaggo, suna da sauran wurare," na ja hannun baƙuwa muka zagaya bayan ɗaki, mata suka biyo mu duu.

Tumaki mata suna nan da 'ya'yansu, awaki suna nan. Turakun raguna ne babu kowa sai wani ɗan ƙarami guda ɗaya yana tuƙa. A jikin zana, tsakanin dirka da dirka, an ɗaura igiya, a kanta kuma lambobi bakwai suna reto, an ba kowace tazara da 'yar uwarta kamar an shanya kuɓewa. Likita ta karɓi na'ura daga hannuna ta nufi igiyar, ta danna. Duka bakwai ɗin suka amsa.

Wayyo ni!  Na tuna yawan lokutan da na tsaya a bayan zanar nan ina fasa kai, ashe igiya nake ƙirgawa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige da ni da sabuwar atamfar. Likita ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɗaure fuska ba. Cewa ta yi, "Ba komai, hakan na faruwa. Hajiya za ta gaya mana yadda aka yi a natse, sai a gyara." Ta ba ni ƙofar fita a buɗe, amma idona ya riga ya rufe.

Na juya na ce, "Gwaggo, ina ragunan?"

"Sun tahi inda Allah ya nuhe su."

"Sayarwa kika yi?"

"Ban sayar ba."

"Mutuwa suka yi?"

"Ba cuta ta kashe su ba."

"To sace su aka yi? Ki yi magana mana, Gwaggo! A gaban baƙi kike so ki tozarta ni?"

Ta sassauta murya ta ce, "Ɗiyata, ki bari baƙi su tahi, mu yi magana ni da ke."

Duk mai hankali a nan zai tsaya. Ni ban tsaya ba. Na fizgi na'urar, na danna lambar farko, hoton dabbar ya fito: farin rago mai baƙin zobe a ido ɗaya kamar an rambaɗa masa kwalli. Na juya gilashin wajen matan na ce, "Tunda Gwaggo ta manta, ku ai maƙwabtanta ne. Wa ya san inda wannan yake?"

 Wata ta shiga gyaran goyon da bai kwance ba, wata ta kama kallon ƙafarta. Ni kuwa na ɗauka haɗa baki suka yi su maishe ni sakarai, raina ya ƙara ɓaci. Na ce, "Shi ke nan. Sai a kai rahoto cewa mai su ta karkatar da su ta ɓoye, ta yaudari ma'aikata." Da bakina na faɗi wannan, a kan yayar mahaifina, a gaban matan da take koya wa karatu.

Sai wata 'yar matashiya ta matso daga baya. Maijego ce, ko arba'in ba ta yi ba, jaririnta yana kafaɗarta. Ta ce, "Kada ki ce wa Inna haka. Ragon sunan ɗana ne."

Ta faɗa ta rufe fuska da mayafi, ta ratsa mutane ta fita. Wasu mata biyu suka bi bayanta ba su yi wa kowa sallama ba, sannan wata, sannan wata. Ban buɗe hoto na biyu ba. 

Likita ce ta kwance igiyar da hannunta, ta tattara lambobin. Ta karɓi na'ura ta sa wa kowace "an yanka", wurin sunan wanda ya karɓa kuma ta bar shi babu komai. Ta ce dabbar da aka yanka aka cinye ba ta da sawun da za a bi. Abin bai ɗauke ta lokacin shan kofin ruwa ba. Da na yi shiru, iyakar abin da za a yi ke nan. Ta yi wa Gwaggo godiya da ban-kwana ta fita zaure, ta ce in same su a mota in na gama.

Muka rage ni da Gwaggo a bakin garke. A nan na ji abin da duk unguwar ta sani ni ban sani ba. Idan aka yi wa mutum haihuwa ba shi da halin rago, uwarsa ko yayarsa takan zo wurin Gwaggo kamar gaisuwa ta kawo ta. Ranar jajiberin suna, da an fito sallar asuba, a fitar da rago ta ƙofar baya. Uban jaririn ya ja shi ya zaga ta gonaki ya hau hanyar mota, sai rana ta ɗaga ya shigo gari da shi kamar daga kasuwa yake. Mutane su yi masa barka, su ce kai, ka iya saye. Wasu suna gane ragon sarai, amma ba a taɓa samun wanda ya buɗe baki ba. In Allah ya hore, wani ya kawo mata ɗan tinkiya bayan shekara, wani damin gero, wani kuma shiru, ba ta tambaya. Tun kafin a haife ni take wannan.

Ta ce, "Kin ce in kawo lamba in hwaɗi hannun da dabba ta shiga. Ƙarya ba ni iya yi, suna kuma ba ni iya hwaɗi. Kin ce in ba su amsa ba ke za a tambaya. Shi ya sa na bar miki su suna amsawa."

Ba ta zage ni ba, ko murya ba ta ɗaga ba. Wallahi da ta mare ni da na fi samun sauƙi. Na durƙusa ina ba ta haƙuri, kuka ya ci ƙarfina. Ta ce in tashi, mutane na jirana, kada in ɓata kwalliyata. Na share hawaye na fita na shiga mota, muka koma Tambuwal.

Sauran labarin a bakin mahaifiyata na riƙa jinsa, don ita ke waya da Gwaggo. Maganar ta fita daga cikin gida ta isa majalisar maza. Mijin yarinyar nan, wanda ya gaya wa abokansa cewa a kasuwar Tambuwal ya sayo ragon, ya buɗe rumbunsa ya fitar da geron da zai ci da iyalinsa, ya sayo wani ragon. Ya zo ya ɗaure a ƙofar zauren Gwaggo da rana tsaka kowa na gani, ya juya bai ko yi sallama ba. Ta aika a mayar masa, ya sake dawo da shi. Bayansa wasu ma suka yi haka, kowa na gudun a ce hotonsa ne na gaba.

Na roƙi oga ya canza mini yanki. Ya ce in kawo masa wata macen mai hawa babur sai ya canza. Zagaye ɗaya na yi ƙaryar zazzaɓi. Na biyun babu yadda na iya, na shirya na tafi.

Damina ta fara sauka lokacin, hanya duk ta caɓe. Ban bi ta bayan gida ba, ta zaure na shiga na yi sallama. Tsakar gidan da na saba tararwa da mata da allunansu, ran nan tsofaffi biyu ne kawai. Gwaggo ta amsa gaisuwata kamar kullum, ta tambayi Baba da ciwon ƙafarsa, ta dama fura. Wannan karon na zauna na sha. Sannan ta ce, "Tashi mu je ki yi aikinki."

Garken ya cika maƙil. Turakun nan da na gani babu kowa duk da raguna a kansu, manya, sun yi ƙiba har wuyansu na ninkewa. Masu lamba suna da lambarsu a wuya, sababbin kuma suna jiran tasu. Na ɗaga na'ura na danna, ta ƙirga, na bi da ido na ƙirga, babu saɓani. Sai bakin nan nawa ya ce, "Masha Allah, Gwaggo, garke ya yi kyau."

Ta ce, "Ya yi kyau."

Ta sunkuya ta cire wa wani rago ƙaya a jiki, ta daɗe tana shafa bayansa. Ba ta dube ni ba ta ce, "Haihuwa uku aka yi unguwar ga bayan tahiyarki. Biyu an raɗa suna babu yanka, goro da dabino kawai aka raba. Ina nan zaune da raguna, ba wanda ya tako zaurena."

Na ce, "Gwaggo, bari in bi gidajen in roƙe su gafara. Gida-gida zan bi."

"Ki je ki sake tuna musu?"

Na ce to ta aika musu da ragunan mana ko ba su tambaya ba. Ta girgiza kai. Ta ce ta gwada sau ɗaya, aka dawo mata da shi da saƙon godiya, aka ce Allah ya rufa asiri ba a bukata. Ta ce yanzu duk ragon da ya fito daga gidan nan, ana ganin akwai hotonsa a wani wuri.

Na tsaya riƙe da na'urar, na rasa inda zan ajiye ta. Gwaggo ta kamo ragon da aka ɗaure mata a ƙofar zaure, ta riƙe ƙahonsa ta juyo da wuyansa wajena. Ta ce, "Ɗaura mishi tashi, hadari na haɗuwa." Na ciro sabuwar lamba daga jaka, sai da na yi ƙulli uku kafin igiyar ta kama.